Kafofin Ganye a Ciyayi da Amfanin Gona: Tsarinsu, Rabuwarsu da Koyar da Su da Hausa a Tudun Wadar Minna

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan kimiyyar halittu da ake koyarwa a makarantun sakandare akwai wanda ya shafi 'yan mitsi-mitsin ƙofofin nan da ke jikin ganye, waɗanda masana ke kira sitomata. Darasi ne da ɗalibai kan haddace saboda jarrabawa, su kwafi zanensa daga allo, su gama makaranta ba su taɓa sa abin a ido ba, alhali ganyen da ke ɗauke da shi yana nan a bakin kwatar da suke tsallakewa kowace safiya. Wannan maƙala za ta yi bayanin tsarin waɗannan ƙofofi da yadda suka rarrabu a jikin ciyayi da amfanin gona na ƙasashe masu zafi, sannan ta dubi kalmomin da suka dace malami ya yi amfani da su in zai yi bayaninsu da Hausa.

Mun ɗauki unguwar Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Chanchaga a Minna a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, Minna gari ne na ƙasar Gbagyi wanda ya bunƙasa bayan buɗe layin dogo na Baro zuwa Kano a 1911, ya kuma zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Saboda haka aji guda kan tara 'ya'yan Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da sauransu, Hausa kuwa ita ce harshen da ke haɗa yawancinsu a kasuwa da filin wasa. Na biyu, damina a nan kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan shekara ya haura milimita 1,000, don haka dawa da gero da wake suna tsirowa kafaɗa da kafaɗa da doya da rogo. Da wuya malami ya sami wurin kwatanta ganyayyaki da ya fi wannan.

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yanki a farkon firamare. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da janye shi. Duk abin da aka rubuta a takarda, mun san malamin da ya ga ɗalibansa sun yi zuru zai koma Hausa ya warware musu. Abin da ya dame mu shi ne, da waɗanne kalmomi zai warware.

2.0 Matsalar Suna

Kalmar sitomata jam'i ce, tilonta sitoma, asalinta kuwa Girkanci ne, ma'anarta baki. Idan aka fassara ta kai tsaye aka ce bakin ganye, Bahaushe zai ɗauka gefen ganye ake nufi, kamar yadda yake cewa bakin rijiya ko bakin zane. Wasu malamai kan ce hancin ganye ko ƙofar numfashi. Wannan ya fi kusa, amma yana cusa wa ɗalibi tunanin cewa aikin abin bai wuce shaƙar iska irin ta mutum ba, alhali mafi yawan abin da ke fita ta nan tururin ruwa ne. Huji kuma rami ne da aka huda aka bari a buɗe, wannan kuwa yana buɗewa yana rufewa.

Mu a ganinmu kalmar kafa ta fi dacewa, wadda ake samu a kafar allura da kafar hanci, wato 'yar ƙaramar hanya da abu ke bi ya wuce. Sai a ce kafar ganye, jam'i kafofin ganye, a kuma ajiye sitomata a gefe domin ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko ta NECO, wadda hedikwatarta ma a Minna take. Sai dai dole mai buga littafi ya kula da ƙugiya, domin in kafa ta koma ƙafa, an ba ganye abin tafiya.

Kowace kafa ƙwayoyin halitta biyu ne suka kewaye ta. A Turance ana kiran su da sunan da ke nufin masu gadi, wasu kuma sun bi wannan suka ce ƙwayoyin gadi. Mai gadi daban yake da ƙofar da yake tsaro, waɗannan ƙwayoyi kuwa su ne ƙofar da kansu: in sun rabu an sami kafa, in sun haɗu ta ɓace. Abin da ya yi kama da haka a jikin mutum leɓɓa ne. Don haka muka zaɓi ƙwayoyin leɓe, waɗanda ke kewaye da su suna taimaka musu kuma muka kira su maƙwabta. Ɓangaren ganye da ke kallon rana mun kira shi fuskar ganye, na ƙasa kuma bayan ganye. Mun guji cewa cikin ganye domin ɓangaren sama, tunda ciki na da wani aikin a darasin.

Akwai kuma kalmar ciyawa, wadda ta fi sauran wuyar sha'ani. A bakin manomi, duk tsiron da ya fito inda ba a shuka shi ba ciyawa ne, ko tofa ce ko tafasa. A wurin masanin tsirrai kuwa ciyawa dangi ne guda mai siririn ganye, kuma masara da dawa da gero da shinkafa da rake duk 'yan wannan dangi ne, tafasa kuwa 'yar dangin wake ce. Kamar yadda za a gani nan gaba, tsarin kafofi yana bin dangi ne, bai san abin da manomi ya shuka da abin da zai nome ba. Wajibi ne littafi ya bambance dangin ciyawa da ciyawar gona tun a shafin farko. Wajen sunayen tsirrai kuwa, aikin Dalziel na 1916 kan sunayen tsirrai da Hausa da ƙamusun Bargery na 1934 suna da amfani har yau, amma suna kan sauya daga Sakkwato zuwa Zariya zuwa Minna, saboda haka malami ya tambayi ɗalibansa yadda ake kiran tsiron a gidajensu kafin ya rubuta a allo.

3.0 Tsarin Kafa da Yadda Take Aiki

Ganye na lulluɓe da fata mai kauri ɗaya na ƙwayoyin halitta, a bisanta kuma akwai wani shafe mai kama da kakin zuma wanda ruwa da iska ba sa ratsa shi sosai. Tsiro kuwa yana bukatar iskar kabon domin ya haɗa abincinsa da hasken rana. Kafofi su ne hanyar shigarta. Malpighi, masani ɗan Italiya, ya zana su a 1675, an kuma same su a jikin tsirran da suka daskare cikin duwatsu fiye da shekara miliyan 400. Tsawon ƙwayar leɓe kan kama daga maikuromita 10 zuwa 80, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ko sun buɗe gaba ɗaya, kafofi ba su cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na faɗin ganye ba.

Matsalar tsiro ita ce, ta ƙofar da kabon ya shiga, ta nan ruwa ke fita. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotsa yana tashi ne ta ganye a matsayin tururi, har an ƙiyasta cewa karan masara guda kan fitar da kimanin lita 200 daga shuka zuwa girbi. Ba duka ne asara ba, domin wannan tashin ruwa shi ke jawo gishirin ƙasa daga saiwa zuwa sama, shi ke sanyaya ganye kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Amma in tsiro ya buɗe da yawa zai bushe, in ya rufe da yawa zai yi yunwa.

Idan gari ya waye haske ya sauka, sinadarin fotasiyam kan kwarara cikin ƙwayoyin leɓe, ruwa ya bi shi, sai su kumbura. Bangon ƙwayar da ke fuskantar kafa ya fi na waje kauri, don haka in ta kumbura sai ta tanƙware kamar baka, tsakani ya buɗe. In ƙasa ta bushe, tsiro kan samar da wani sinadarin saƙo mai suna absisik, wanda ke sa fotasiyam ya fice, ruwa ya bi bayansa, leɓɓan su saki su haɗe. A nan muna jan hankalin masu fassara: fotasiyam shi ne harafin K na takin NPK, ana kuma samun sa a toka. Kada a fassara shi da kanwa don kawai ana kiran ta fotash a kasuwa, domin mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne.

Siffar ƙwayoyin leɓe iri biyu ce. A tsirrai masu faffaɗan ganye irin su wake da gyaɗa da rogo da tafasa, kowace ƙwaya kamar ƙoda take ko ƙwayar wake, kafofin kuma a warwatse suke. A dangin ciyawa kuwa ƙwayar kamar taɓarya take, kai biyu masu kauri da siririn tsakiya, kafofin kuma a jere suke layi-layi kamar kunyoyin gona, suna bin jijiyoyin ganye. In kawunan taɓaryar suka kumbura sai tsakiyar ta rabu. Da yake maƙwabta biyu na nan gefe suna musayar ruwa da fotasiyam da su, irin wannan kafa ta fi ta wake saurin buɗewa da rufewa, abin da ya taimaki dangin ciyawa suka mamaye filayen da ruwa ke zuwa ya ɗauke. Ɗalibin da ya ɗora fatar masara kusa da ta tofa zai ga ba su da bambancin kirki, duk da ɗaya abinci ce ɗaya kuma abokiyar gabar manomi.

Metcalfe da Chalk (1950) sun kasa kafofin tsirrai masu faffaɗan ganye gida huɗu bisa zaman maƙwabta: wadda ba ta da maƙwabta na musamman, kamar a kabewa, mai maƙwabta uku ɗaya ya fi ƙanƙanta, kamar a kabeji, mai biyu da suka kwanta daidai da tsawon kafa, kamar a wake da gyaɗa da dankali, da mai biyu da suka gitta, kamar a ɗoɗɗoya. Wannan rabo na da amfani ga mai tantance jinsin tsiro, amma ba mu ga dalilin ɗora wa ɗan ƙaramar sakandare haddar sunayensa na Girkanci ba.

4.0 Rabuwar Kafofi a Jikin Ganye

Litattafai da yawa kan ce kafofi a bayan ganye suke, su tsaya nan. Wannan gaskiya ne ga mangwaro da darbejiya da doya, haka ma rogo, wanda kusan duk kafofinsa a baya suke. Amma yawancin ciyayin gona da amfanin da ke girma cikin 'yan watanni a tsakar rana suna da kafofi gaba da baya. Tsofaffin ƙididdiga da litattafan kimiyyar tsirrai ke maimaitawa sun ba masara kimanin kafa 52 a fuska da 68 a baya a kowane milimita murabba'i, tumatir kuwa 12 a fuska da 130 a baya. Bisa wannan lissafi, ganyen masara mai faɗin santimita murabba'i 500 na ɗauke da kafa wajen miliyan 6. Bado, wanda ganyensa ke kwance a kan ruwa, a fuska kaɗai yake da su. Ganyen da ke tsaye rana na dukan sa ta kowane ɓangare, irin na dangin ciyawa, shi ya fi raba kafofinsa kusan daidai.

Kada a ɗauki waɗannan alƙaluma kamar karatun sallah. A itace guda, ganyen da ya girma a rana ya fi na inuwa yawan kafofi, ƙaramin ganye kuma ya fi babba cunkoso. Wannan ya sa Salisbury a 1927 ya kawo ma'aunin da ke kwatanta yawan kafofi da jimillar ƙwayoyin fata. Alal misali, in ɗalibi ya ƙirga kafa 20 da sauran ƙwayoyi 80 a wuri guda, ma'aunin ya zama kashi 20 cikin 100. Iskar duniya ma tana da tasiri. A 1987 Woodward ya auna busassun ganyayen da aka adana a Ingila, ya gano cewa yawan kafofinsu ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a shekara 200, a daidai lokacin da iskar kabon ke ƙaruwa. Kafin zamanin masana'antu kabon na kusan kashi 280 ne cikin miliyan na iska, a 2024 kuwa ya haura 420.

5.0 Ciyawar Gona da Batun Wuta-wuta

Yawan kafofi kaɗai ba ya nuna wanda zai yi nasara a gona. Masara da dawa da gero da rake suna da wata dabara ta tattara kabon a cikin ganye, wadda masana ke kira C4, don haka ko sun tsuke kafofinsu abinci na haɗuwa. Shinkafa da wake da gyaɗa da doya da rogo ba su da ita, su ake kira C3, kuma sukan kashe ninki biyu ko fiye na ruwan da na farko ke kashewa kafin su haɗa abinci daidai da nasu. Abin lura shi ne, mafi yawan ciyayin da suka addabi manomin wannan yanki, tofa da kiri-kiri da tuji da aya-aya, 'yan C4 ne. Wannan na daga cikin dalilan da suke danne gonar wake ko shinkafar tudu in aka makara da noman fari. Rogo nasa salon daban ne: da zarar iska ta bushe yake rufe kafofinsa ko da akwai laima a ƙasa, shi ya sa yake ƙetare rani. Abarba kuwa da dare take buɗe nata.

Tsiron da ya saɓa wa duk wannan ƙa'ida shi ne wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, masana kuma Striga hermonthica. Kowane ɗan manomi ya san furenta mai ruwan hoda da ke bayyana a gonar dawa ko masara a ƙarshen damina, ya kuma san shukar da ke kusa da ita kan tsumbure ta yi kamar an babbake. Wuta-wuta takan maƙale a saiwar hatsi ne tun tana ƙarƙashin ƙasa. In ta fito, sai ta bar kafofinta a buɗe dare da rana, ko ana fari. Ruwa kuwa yana bin inda aka fi jan sa, saboda haka a lokacin da dawa ta rufe nata kafofin don tattali, ruwa da abincin da ke saiwarta sai su karkata zuwa ga baƙuwar. Press da abokan aikinsa sun nuna a 1989, a gonakin Sudan, cewa ganyenta kan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da digiri 7 saboda yawan tururin da yake fitarwa, kuma da aka fesa masa abin da ya toshe kafofin sai zafin rana ya ƙone shi. A 2019 masana a Jami'ar Kobe ta Japan suka gano sababin: wani furotin a jikinta ya sauya, ta yadda saƙon absisik ba ya isa ga ƙwayoyin leɓenta. Wato dai tsiro ne da ba ya jin umarnin rufe baki. Ba mu san wani misali da ya fi wannan nuna wa ɗalibi cewa abin da ido ba ya gani na iya rage damin da zai shiga rumbun gidansu ba, amma da wuya ka gan shi a darasin sitomata. Akan kai shi can darasin aikin gona, a raba shi da bayaninsa.

Masu kyautata iri ma sun shiga wannan fage. A wani binciken Jami'ar Sheffield ta Ingila da aka buga a 2019, shinkafar da aka rage wa yawan kafofi ta sha kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan da takwararta ke sha a wani mataki na girmanta, ta kuma fi jure fari. Jihar da ke da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa a Badeggi ya kamata ɗalibanta su ji wannan labari.

6.0 A Cikin Aji

Malamin Tudun Wada ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya fara. In aka tsoma ɗanyen ganyen mangwaro a ruwan zafi cikin kofin gilas, iskar da ke ciki za ta faɗaɗa ta fito, a ga kumfa ta tsattsafo ta baya kaɗai. A tsoma na masara, a gan ta gaba da baya. In aka ɗaure farar leda a reshe da safe, kafin a tashi ta yi gumi. Za a iya tsinko ganyen mangwaro huɗu, a shafa basilin a fuskar ɗaya, a bayan na biyu, gaba da bayan na uku, a bar na huɗu haka nan, a rataye su kwana biyu ko uku a ga wanda ya riga yanƙwanewa. Daga nan sai a tambayi ɗalibai dalilin da ya sa masu lambu ke dashen tumatir da yamma, da abin da ya sa ake datse ganyen dawa in za a dasa ta.

Inda akwai madubin ƙara girman abu, wato maikuroskof, a guji kuskuren da aka saba yi na ɗora fatar cikin ƙwallon albasa. Tana nuna ƙwayoyin halitta da kyau, amma babu kafofi a jikinta; a koren ganyen albasa suke. Balasana, wadda ke yaɗo a wurare masu laima, fatarta na saluɓewa cikin sauƙi, kafofinta kuma manya ne. Ga ganye mai tauri sai a shafa janfarce marar launi, ko da sunan ya saɓa wa kansa, a bari ya bushe, a ɗago shi da salatif a manna a gilashi. A yawancin madubai, in an ninka girma sau 400, da'irar da ake gani ba ta wuce kimanin milimita murabba'i 0.16 ba, don haka kafa 16 a cikinta na nufin 100 a milimita murabba'i guda. Nan malamin lissafi ya sami abin yi.

Sauran batun lokaci ne, kuma wannan na masu tsara manhaja ne. Wuta-wuta da balasana da tafasa da tuji suna cika gari ne a Satumba da Oktoba, wato makonnin farko na zangon karatu na ɗaya. In darasin ya faɗo a Fabrairu, malami zai tarar ciyayi sun bushe, wuta ta cinye wasu, ba abin da ya rage masa sai mangwaro da darbejiya, waɗanda dukansu a baya kaɗai suke da kafofi, ɗalibi kuma ya tafi da rabin labari. Muna ba da shawarar a sa darasin a farkon zango na ɗaya. Inda hakan bai yiwu ba, a ɗauki sawun ganyayen da janfarce tun da kaka, a rubuta sunan tsiro da ɓangaren ganye da ranar ɗauka a jikin kowane gilashi, a adana su cikin ambulan inda ƙurar hunturu ba za ta kai gare su ba.